Wanda Ya Cire Kan Ƙadangare a Gadar Marke

Sufeto Faruk Tanko ya dawo daga masallacin Juma'a ke nan, ko hular kansa bai cire ba, Saje Jamil ya leƙo ofis da waya a hannu.

"Yallaɓai, an yi sata a Rafin Marke."

Sufeto ya ɗago kai. A Rafin Marke aka binne cibiyarsa. Tun rasuwar mahaifiyarsa ƙafarsa ta ɗauke daga garin, ko da yake daga Shanono ba wata tafiya ba ce.

"Me aka sata? Injin ban-ruwa?"

"A'a. Wai ƙadangare."

"Saje, yau Juma'a ce. Ka ji tsoron Allah."

"Wallahi haka mai garin ya ce. Wai an cire wa ƙadangare kai, an tafi da shi."

Suka shiga a-kori-kurar ofis suka kama hanya. Lokacin cirar albasa ne. Gona na bin gona babu inda aka bari fili, mata da maza sun duƙufa, buhuna jingine a gindin kuka da ɗorawa. Sufeto ya sauke gilashi, warin ɗanyar albasa ya cika motar. Can suka hango gadar.

Gadar Marke tsohuwar gadar ƙarfe ce a kan rafin da ke gangarowa daga wajen Watari. An kafa ta tun kafin a haifi Sufeto. Duk abin da aka noma a fadamar tsallake, ta kanta yake bi ya isa kasuwa. A kanta ya koyi tsalle cikin ruwa. A jikinta suke manna kunne shi da abokinsa Badaru, su ji ƙarfen yana gunji tun kafin mota ta ɓullo daga kwana, su yi gardamar wace ce tafe. Yau ya tarar an gitta mata gora da jan ƙyalle: masu ƙafa da babura kaɗai ke wucewa.

Suka ajiye motar a wannan gaɓar, suka haye da ƙafa.

Wata mata ce ta tarbe su a ƙofar sito na ƙungiyar manoma, sanye da rigar aiki mai ruwan lemo a kan hijabinta. Fuskarta a ɗaure.

"Ni ce Injiniya Hafsatu. Daga wata cibiyar bincike a Kano aka turo ni in duba lafiyar gadar nan."

"Sannu da aiki, Injiniya. Ina ƙadangaren?"

Ta nuna ciki. A kan tabarma wata na'ura ce kwance, tsawonta bai wuce na ɗan akuya ba, da ƙananan tayoyi da hannu guda mai gaɓoɓi. A ƙarshen hannun babu komai, sai wayoyi.

"Mutanen gari ne suka raɗa masa suna," in ji ta. "Tayoyinsa na maganaɗisu ne, yana hawa ƙarfe ya bi ta ƙarƙashi inda mutum ba zai kai ba. Ni kuma ina tuƙa shi daga gaɓa."

"Me yake nema a can?"

"Abin da ido ba ya gani. Ƙarfe idan an gasa shi da walda ya huce, ba ya komawa yadda yake. Wani wuri yakan tsaya a jaye, kamar igiyar da aka tamke aka ɗaure, wani wuri kuma a matse. Gada tana iya tsayawa garau, babu ko keke a kanta, amma cikinta ana ta ja-in-ja. Inda jan ya yi yawa, nan tsaga take farawa."

"Shi kuma kan da aka ɗauke?"

"Shi ne mai awon. Yana harba hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ƙwayoyin ƙarfe a jere suke layi-layi. Hasken ya bugi layukan ya dawo, yadda ya karkata wajen dawowa shi ke gaya mini ko an buɗa su ko an matse su. Ba sai na yanki gadar ba, ba sai na huda ta ba."

Saje Jamil ya ja da baya kaɗan. "Hajiya, wanda ya ɗauka ba zai ƙone ba?"

"Sai an ba shi wuta yake fitar da haske. Yanzu dai ƙarfe ne da gilashi kawai. Amma in ya faɗi ƙasa, shi ke nan. Kuma babu wani a kusa da za a aro."

Sufeto ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Baturan na'urar suna nan. Kwamfutar Injiniya tana nan a jakarta. Ɗan janareto yana nan a lungu. Ba a yanke waya ko ɗaya ba: an zare kowace daga mazauninta, an kuma ɗaure bakinta da farar leda don kada ƙasa ta shiga. Gefe guda ga gwangwanin madara, a cikinsa an tara ƙananan sukurorin da aka kwance.

"Ke kika ɗaure ledojin nan?"

"Ba ni ba ce."

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya bar kwamfuta, ya tsaya yana tattara wa mai kaya sukurori a gwangwani?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai."

"Ni ma haka."

Aka kira maigadi, wani siririn magidanci mai suna Kamaruddeen. Ya durƙusa tun daga nesa.

"Ranka ya daɗe, ni ban motsa daga ƙofar nan ba. Ga mabuɗi a wuyana. Dubi kwaɗon, ko ƙwarzane babu."

"Ba ka motsa ba?"

"Ko nan da can."

"To, ba ka yi sallar Juma'a ba ke nan."

Kamaruddeen ya shiga wasa da mabuɗin wuyansa.

"Tambayarka nake. Kai da kake jin huɗuba daga nan, ka zauna ka ƙi zuwa?"

"Na je, ranka ya daɗe. Amma ana sallamewa na taho."

Sufeto ya dubi gaban rigarsa. "Wannan manjan fa? A masallaci aka raba?"

"Na... na biya gida na ɗan taɓa ɗanwake."

"Ita Injiniya tana ina?"

"Tana gidan mai gari wurin iyalinsa. Tare muka kulle, tare muka buɗe."

Sufeto ya bar shi a durƙushe ya koma kan ƙofar. Ta ƙarfe ce, mai nauyi. Kwaɗo lafiya lau. Ya bi ɗaya gefen da yatsa, wajen maratayan ƙofar, ya ji danshin sabon mai. A ƙasa kuma ga wani ɗan rami inda aka kafa ƙarfe aka yi ɗagi.

"Ba a buɗe kwaɗo ba," ya ce. "Ɗaga ƙofar aka yi daga maratayanta, aka shiga, aka fito, aka mayar. Har da zuba mai don kada ta yi ƙara. Wa ya ƙera ƙofar nan?"

"Badaru mai walda," in ji Kamaruddeen. "Ai duk ƙofar ƙarfen da ke garin nan aikinsa ce. Amma ranka ya daɗe, in ɓarawo kuke nema, ku tambayi Alhaji Sabo mai gwangwan. Tun ranar da aka rufe gadar yake zagaya ta kamar ungulu."

Sufeto ya ce a nemo Alhaji Sabo. Sunan farko kuwa bai maimaita shi ba.

Kafin a zo da shi ya gangara bakin gada. A gindin marken da gadar ta ci sunansa, wata tsohuwa na suyar awara. Ta kare ido da hannu ta dube shi.

"Wa nake gani kamar Faruku na Aina'u?"

"Ni ne, Inna Zuliha. Ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nema. Ashe kana tuna hanya? Kai da nake kora da ludayi kuna satar mini awara, kai da wancan shaƙiyyin, yau kai ne mai kama ɓarayi!"

Ya yi dariya, ya zauna a kan benci. Ta zuba masa awara a takarda, ta barbaɗa yaji, ba ta tambaye shi ko yana so ba. Ɗanɗanon bai canza ba.

"Inna, da maza suka tafi masallaci kina nan?"

"Ina zan je? Ina nan ina haɗa wuta."

"Me kika gani?"

"Idon nan ya yi hazo, Faruku. Ji dai na yi. Na ji ana bugun ƙarfe a ƙarƙashin gada, ƙwal, ƙwal, ƙwal, an daɗe ana yi. Na ce wannan baiwar Allah mai ƙadangare ko Juma'a ba ta hutawa. Can kuma sai wata ƙatuwar mota ta zo ta haye. Gadar ta yi wani kuka, wallahi tun da nake ban taɓa jin irinsa ba."

"Mota? A gadar da aka rufe?"

"Wa zai hana? Mai tsaron yana wurin ɗanwake."

Alhaji Sabo ya iso cikin babbar riga yana share gumi. Sana'arsa sayen tsohon ƙarfe, yana da babbar mota guda.

"Yallaɓai, ni tun safe ina Rimin Gado. Yanzun nan na shigo."

"Motarka fa?"

"Tana can gida a ajiye."

"To, mu je mu ga tayoyinta. Ga sawu nan a bakin gada, sabo fil, ɗaya tayar baya ta suɗe a gefe. In ba taka ba ce, in ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Alhaji ya dubi sawun, ya dubi Sufeto, ya gyara hula.

"Yallaɓai, a yi sirri. Albasar mutane na ɗauko daga tsallake. In na bi ta zagaye sai dare, kasuwa ta watse. Na ga babu kowa, na ɗage gorar na wuce. Amma na rantse ban taɓa abin matar nan ba. Me zan yi da shi? Ko kilo biyar bai kai ba."

"Ka ce kana son a rushe gadar ka sayi ƙarfen."

"So ai ba laifi ba ne."

"Da ka hau, wa ka gani?"

Alhaji ya share gumi. "Mutum dai ban gani ba. Amma akwai babur a jingine a gangaren, shuɗi, da wayar walda a naɗe a bayansa."

Duk wanda ke wurin ya san mai babur ɗin. Babu wanda ya furta.

Sufeto ya sa Saje ya rubuta wa Alhaji laifin karya dokar rufe hanya, sannan ya juya wurin Injiniya. "Ki kai ni inda kika yi awo."

Suka gangara ƙarƙashin gadar ta wata 'yar hanya da ƙafarsa ta tuna kafin kansa ya tuna. Sanyin wurin, warin laka, sheƙar tsattsewa a lungunan ƙarfe, duk suna nan yadda ya bar su. A sama manyan ƙarafa biyu ne kwance kamar azara, su ke ɗauke da gadar. Tsofaffin mahaɗansu duk da ƙusoshi masu mulmulallen kai aka ɗinke su. Amma a jikin ɗaya akwai wani dogon faci da aka liƙa da walda, ya miƙe daga gaɓa har tsakiyar ruwa.

"Na fara da tsohon ƙarfen," in ji Hafsatu. "Jiya na iso kan facin nan. Na goge wurare na yi musu alama da fenti, na auna na farko. Jan da na samu ya tayar mini da hankali. Yau da la'asar na so in ƙarasa sauran, har na tsakiyar ruwa."

Ta haska tocila a kan alamominta.

"Inna lillahi. Wa ya yi wannan?"

Wuraren da ta goge sumul duk an farfasa musu fuska da guduma. Tabo kan tabo, kamar ƙanƙara ta sauka a kan laka.

"Ɓarna ce kawai?" Sufeto ya tambaya.

"A'a. Wanda ya yi ya san abin da yake yi. In ka daddoki fuskar walda, kana matse fatar ƙarfen. Hasken kuwa fatar kaɗai yake karantawa, bai kai kaurin gashi ba. Da na zo na auna haka ban lura ba, sai na'ura ta ce mini lafiya lau, alhali ciwon yana nan a ƙasa." Ta matsar da tocilar. "Ka ga wannan layin? Jiya da ƙyar nake ganinsa. Yanzu farce zai shiga. Motar nan ce ta buɗa shi."

"Wa ya san bugu yana yin haka?"

"Masu walda da yawa sun sani. Jiya ma wani ya tambaye ni. Kullum yana nan tun da na zo, shi ke riƙe mini tsani, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Da na faɗi abin da na gani, ya ce mene ne maganinsa? Na ce ko a gasa a bar shi ya huce a hankali, ko a daddoka, amma bugu fuska kawai yake gyarawa."

Sufeto ya karɓi tocilar ya matsa kusa. A cikin kowane tabo akwai wani ɗan tsini a gefe, kamar jinjirin wata. Gudumar da ta yi aikin tana da ɓalli a baki.

Ya san gudumar. Ta marigayi Ɗan'auta Maƙeri ce, mahaifin Badaru, ɗaya daga cikin waɗanda suka doka ƙusoshin gadar nan da zafinsu. Ya kuma san yadda aka yi ta ɓalle, don shi ya ɓalle ta. Sun sato ta ne shi da Badaru suna yara za su fasa ƙwallon goruba a kan dutse, ya kai duka ya kuskure. Badaru ya ce shi ne, ya sha bulalar shi kaɗai.

Ya kashe tocilar. "Mu hau," ya ce.

Bai je wurin Badaru ba ranar. Ya sa Saje da Kamaruddeen su tsare gadar, ko babur kada ya hau. Washegari da hantsi ya nufi rumfar walda shi kaɗai, Saje na biye daga nesa.

Rumfar tana inda maƙerar Ɗan'auta take a da. An maye zugazugi da injin walda, amma uwar maƙera tana nan a kafe. Badaru na zaune yana gyaran garma. Ya yi furfura a gemu, idanunsa sun yi ja irin na masu kallon wuta.

"Faruku! Jiya aka ce ka shigo, na ce manya sun manta da mu."

"Ban manta ba. Ina kwana? Ya iyali?"

"Lafiya lau. Zauna mana. A kawo maka koko?"

"Na karya. Badaru, jiya a ina ka yi Juma'a?"

Hannun Badaru ya tsaya, sannan ya ci gaba. "A Shanono. Na je sayen sandunan walda."

"A babban masallaci?"

"Nan fa."

"Nan na yi tawa. Da aka idar, liman ya yi wata sanarwa. Me ya ce?"

"Ka san ni da zama a baya. Lasifikar ba ta kaiwa."

"Da babur ka je?"

"Da shi."

"To, wane ne ya jingine shi a gangaren gada?"

Sufeto ya miƙa hannu kan uwar maƙera ya ɗauki gudumar. Ƙotar ta yi baƙi, ta yi santsi saboda hannun uba da na ɗa. Ya juya bakinta ya shafa ɓallin da babban yatsa. A jikinsa akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa, irin na alamar Injiniya.

"Wannan karon ba wanda zai ɗaukar wa wani bulala," ya ce a hankali. "Ina kan yake?"

Badaru ya ajiye garmar.

"Yana cikin rumbu. Na naɗe shi da bargo, na sa shi a tsakiyar gero. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Wallahi mayarwa zan yi."

"Na san mayarwa za ka yi. Na ga gwangwanin. Me ya sa?"

"Facin nan ni na yi shi." Muryarsa ta dushe. "Shekarar da aka yi ambaliya, ruwa ya kawo kututture ya daki ƙarfen, ya tsage. Ga tumatir ya nuna a tsallake. Aka yi ta kai kuka, ba wanda ya zo. Mutane suka taru a nan suka ce, Badaru, gadar ubanka ce. Na samo ƙarfen tsohuwar mota, na yanka, na liƙa. Cikin sauri na yi, ƙarfen da sanyinsa, ruwa na fantsamo masa. Na san ba haka ake yi ba. Amma aka wuce, aka yi ta sa mini albarka. Har a masallaci aka yi mini addu'a."

"Sai ga ƙadangare."

"Sai ga ƙadangare. Ka san sai bango ya tsage yake samun wurin shiga." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Da ta auna aikin Baba, na ga tana gyaɗa kai. Da ta zo kan nawa, na ga fuskarta ta canza. Na kwana ban runtsa ba. Na ce za su rubuta gadar ta mutu, a ba su Alhaji Sabo su yayyanka ta su auna a sikeli. Abin da Baba ya tsaya a rana ya doka, ni ɗansa in zama ajalinsa. Na daddoki inda hannuna ya kai. Na tsakiyar ruwa kuwa sai an kafa katako, sai na samu kwanaki. Shi ne na ce bari in ɓoye kan, in gama, in mayar."

"Kana ƙasa motar Alhaji ta haye?"

"Ina ƙasa." Ya rufe ido. "Na ji kukan da ta yi. A kaina ta yi shi."

"Ka ji, amma ka tashi ka je ka ɗaga ƙofa?" Muryar Sufeto ta hau, har Saje ya matso. "Ba gyara ka yi ba, Badaru, rufa ido ka yi. Da ta auna ta ce lafiya, a ɗage gora, motoci su dawo. Ranar kasuwa mutum nawa ke kan gadar nan? 'Ya'yanka ta ina suke bi su je makaranta? Satar na'ura ƙaramin laifinka ne."

Hawaye ya gangaro cikin gemun Badaru. Bai share ba.

"Garin neman gira," ya ce, bai ƙarasa ba.

Shi da kansa ya hau rumbun ya sauko da ƙunshin, ya rungume shi kamar jariri har bakin gada. Hafsatu ta buɗe bargon, ta duba gilashin, ta duba mahaɗan, ta sauke numfashi. Ta juye sukurorin daga gwangwani ta ɗaura kan a mazauninsa.

Gari ya taru a gaɓa. Ta sa aka ja igiya, kowa ya koma bayanta. Ta fara zuwa ta cinye fatar wuraren da aka daddoka da wani ruwan magani da 'yar wutar batir, har ta isa ƙarfen da guduma ba ta taɓa ba. Sannan ta ɗora na'urar a jikin azarar. Ƙadangare ya manne, ya tafi a hankali da cikinsa a sama, ya tsaya a kan alama, ya sunkuyar da kai. Wata 'yar fitila ja ta kama. Kan ya karkata dama, ya tsaya, ya karkata hagu, ya tsaya. Ya gama ya matsa gaba, har ya kai tsakiyar ruwa inda inuwarsa kaɗai ake gani.

Badaru na zaune a gindin marke kusa da Saje, bai ɗauke ido ba har rana ta take tsaka.

Da ta dawo da na'urar, Hafsatu ta tako har inda yake.

"Malam Badaru, facinka ba zai zauna ba. Tun daga gaɓa har tsakiya a jaye yake, wani wurin saura ƙiris. Dole a cire shi gaba ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Gadar fa?"

"Tsohon ƙarfen garau yake. Waɗanda suka yi aikin nan sun yi shi da gaskiya. A sa sabon guntu yadda ya kamata, za ta kai jikokinka. Abin da zan rubuta ke nan." Ta dube shi. "Shi na so in gaya maka jiya da la'asar, da ka bari na gama."

Badaru ya sa fuskarsa cikin tafukansa. Inna Zuliha ta juya baya tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba.

"Zan faɗi a gaban alƙali cewa ka kula da kayana," in ji Hafsatu. "Zan kuma faɗi abin da ka yi wa waldar. Duka biyun."

"Ki faɗa, Hajiya. Haka aka yi."

Sufeto ya miƙe. "Badaru Ɗan'auta, na kama ka da laifin shiga sito da ɗaukar kayan da ba naka ba, da kuma yunƙurin ɓoye haɗarin da zai iya cin rayuka. Tashi mu je."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya miƙa masa gudumar a cikin leda.

Suka haye gadar ɗaya bayan ɗaya, mutane suka dare suka ba su hanya. A bakin mota Badaru ya tsaya, ya dubi gidan gaba, ya dubi bayan a-kori-kurar.

"Yallaɓai, a ina zan zauna?"

Tun da suke, bai taɓa kiransa da wannan sunan ba.

"A baya," in ji Sufeto.

Badaru ya kama ƙarfe ya hau, ya zauna a kan bencin katako. Saje ya buɗe wa maigidansa ƙofar gaba ya tsaya yana jira. Sufeto Faruk ya dubi ƙofar, ya mayar da ita ya rufe. Ya zagaya baya, ya taka taya ya hau, ya zauna kusa da wanda ya kama, kafaɗa da kafaɗa.

"Saje," ya ce, "ja mu tafi. A hankali."